Mutumin da Ya Shiga Sahun Jana'izarsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau abin da kunnena ya fi riƙewa daga ranar shi ne dariya. Da hantsi ne. Lasifikar masallacin unguwarmu ta yi 'yar ƙarar nan da takan yi kafin murya ta fito, sannan ladan ya yi salati, ya ce Allah ya yi wa Malam Sule mai hatsi rasuwa, za a yi jana'iza da zarar an gama shiri. Ina durƙushe a tsakar gida ina murza ganyen magarya a cikin ruwan wanka. Daga bayan katangarmu, inda mai shayi yake ajiye teburinsa, sai na ji wani ya kwashe da dariya.

"Kai, sun dawo ke nan?"

"Wannan karon dai ba da ni ba," in ji wani.

Suka ci gaba da abin da suke yi. Ina jin cokali yana buga kofi. Ina da shekara goma sha shida a lokacin, kuma ban iya kuka ba sai da yamma. Mamaki ne ya riga kukan samun wurin zama a ƙirjina, bai kuwa tashi ba har yanzu da nake wannan rubutu.

Wanda ba ɗan Daura ba zai ce waɗanne irin mutane ne waɗannan. Ba mugaye ba ne. Da yawansu sun ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarama, sun saya mini alewa. Don a gane dariyar tasu sai na koma baya da shekara biyar, kuma sai na fara da gidanmu.

Baƙon da ya zo Daura kallon wuraren tarihi, idan ya leƙa rijiyar Kusugu ya sha labarin macijin, ɗan acaɓan da ya ɗauko shi yakan ce masa, "Saura Gidan Gawa." Sai ya bi da shi ta lunguna har gaban wani zaure na ƙasa mai zane a fuska, da zankaye a sama kamar kunnuwan zomo. Wannan gidanmu ne. Kakana magini ne, shi ya gina zauren da hannunsa, ya ɓata damina da rani yana yi masa ado. Ko a tsakiyar bazara cikinsa sanyi ne da shi kamar randa. A nan na koyi tafiya, ina dafa bango. A da sunansa gidan Malam Sule. Fim ne ya sauya masa suna.

Babana hatsi yake saye da sayarwa. Yakan je kasuwannin Mashi da Dutsi da Baure ya auno gero da dawa da wake, ya dawo Daura ya sayar da tiya. Rigarsa kullum tana ƙanshin rumbu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A ƙofar zaurenmu dattawan layin suke ciyayya: bayan magariba kowane gida ya fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma, a haɗu a ci tare. Wanda ba ya fashi a wurin shi ne Alhaji Ilu tela, abokin Baba tun suna makarantar allo. Ba su iya gaisawa sai da tsiya. Baba ya ce, "Sarkin allura, yau ma allurar taka ta fi ka ƙiba." Shi kuma ya ce, "Mai hatsi, in ana neman ka a bayan buhu sai an ɗaga buhun." A yi ta dariya har miya ta huce.

Wata ranar da yamma wata motar bas ta tsaya a bakin layinmu, 'yan fim suka fito. Shugabansu saurayi ne mai laushin baki, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba. Ya ce sun zagaya gari ba su ga zaure irin namu ba, suna roƙon a ara musu shi da farfajiyar gaba wuni ɗaya. Baba ya sa aka dama musu fura, ya ce gidansu ne. Da ya shigo ciki, Inna ta tare shi.

"Malam, ka dai tambaye su wane irin labari za su yi?"

"Haba Rabi. In ka ba baƙo ɗaki, tambayarsa kake yi mafarkin me zai yi a ciki?"

Haka yake. An tashe shi a kan cewa baƙonka annabinka, kuma a wurinsa yi wa mai roƙo tambayoyi wani nau'i ne na rowa. Washegari kasuwar Mashi take ci, daga sallar asuba ya wuce tasha.

Mu kuwa aka ce mu zauna a can ciki. Ni da ba na iya zama, na laɓe a bakin ƙofa ina leƙe. Na ga mata huɗu ko biyar sun zauna a kan tabarma suna shafa man zafi a ƙarƙashin idanunsu. Ana ɗaga musu hannu sai su fasa kuka, ana sauke hannu sai su koma hira da ɓare gyaɗa. Abin ya burge ni ƙwarai. A labarin nasu ashe maigida ne ya mutu. Suna bukatar makara, ba su zo da ita ba, sai suka tura wani masallaci ya ce, "Daga gidan Malam Sule aka aiko, a ba da makara."

Ku tsaya a wurin ladan ku gani. An zo neman makara daga gidan da ya sani. Ya saurara, ya ji koke-koken mata yana tashi daga gidan. Maigidan kuma tun asuba ba wanda ya sake ganinsa. A garinmu ba a tambayar mai neman makara dalili, domin dalilin ɗaya ne tun da aka kafa duniya. Ya ba da ita, ya kunna lasifika, ya sanar da rasuwar Malam Sule mai hatsi.

Inna tana tankaɗe lokacin da ta ji. Na ga rariyar ta faɗo daga hannunta, garin ya watse a kan ƙafafunta. Abin da ya zo mata shi ne hatsari ya rutsa da shi a hanyar Mashi, labari ya riga isa masallaci kafin ya iso gida. Ta kurma ihun da ban taɓa jin irinsa ba. Kafin a ce haka matan layin sun cika gidan, kukan gaskiya ya haɗu da na man zafi ya haɗiye shi. Ɗaya daga cikin 'yan fim ɗin ta tsorata, ta matso tana rawar murya tana cewa, "Hajiya, ku yi haƙuri, wasa ne fa." Gwaggo Talatu, maƙwabciyarmu, ta kaɗe mata baki.

"Wasa? Uban wa ke wasa da mutuwa? Fita ki ba mu wuri, mara kunya!"

Ni na san kukan farko na ƙarya ne, amma na ji lasifika da kunnena, kuma lasifika ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Sai na rungume Inna ni ma na shiga yi. Ta ce a kai ta ta gan shi, aka ce mata an riga an fita da shi. Maza sun ɗauka matan gida sun sallame shi, mata sun ɗauka maza sun yi masa wanka a zaure. Kowa ya ɗauka wani ya gani.

Abin da ya faru a waje a bakin mutane na ji shi, kuma duk Daura labarin iri ɗaya ake ba da shi. 'Yan wasa suka fito daga zaure ɗauke da makara, an lulluɓe abin da ke ciki da farin yadi. Suka tarar da layi ya cika maƙil. Kowa ya san akwai lada a ɗaukar gawa, don haka ba su yi nisa ba aka karɓe ta daga kafaɗunsu, wannan ya ɗauka ya ba wancan. Alhaji Ilu ne ya kama gaba, aka yi aka yi ya saki a karɓe shi ya ƙi. Shi kuwa saurayin nan mai laushin baki ya ga abin da ke faruwa sarai. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tsayar da komai. Maimakon haka sai ya ce wa mai kyamara ya hau katanga ya ci gaba da ɗauka. Wannan ne abin da har yau nakan juya a raina in kasa samun inda zan ajiye shi: mutum ya ga tsofaffi suna share hawaye da bakin rawani, abin da ya gani kawai shi ne hoto ya yi kyau.

Aka ajiye makara a gaban masallaci, aka ja sahu. Ranar kuwa gero ya yi tsada a Mashi, Baba ya ga ba riba, ya hau babur ya juyo da wuri. Yana shigowa unguwa ya ga sahun jana'iza. Bai taɓa wuce jana'iza ba a rayuwarsa, ga shi da alwalarsa. Ya ce wa mai babur ya tsaya, ya sauka da sauri ya shiga sahun baya, daidai lokacin da liman yake cewa a daidaita. Ya taɓa na kusa da shi, wani mahauci, ya yi ƙasa da murya.

"Wa ya rasu?"

"Malam Sule mai hatsi," in ji mahaucin, idonsa a ƙasa. "Mutumin kirki, wallahi. Jiya-jiyan nan muka..."

Sai ya ɗago kai.

An ce takalman mahaucin a nan suka kwana. Sahu ya watse daga baya zuwa gaba kamar kaji sun ga shaho, wasu na salati, wasu na faɗawa kwata. Liman ne ya daure ya je ya yaye yadin. Damin karan dawa ne da matasai biyu. Kafin mutane su dawo cikin hayyacinsu, 'yan fim sun tattara kayansu, motarsu ta bar gari.

Na san kuna dariya. Kowa yakan yi idan aka zo nan, kuma ba na jin haushi. Ni abin da nake tunawa shi ne shigowar Baba tsakar gida, mata suna ja da baya suna kama bango, Inna ta miƙe ta tafi wurinsa a hankali ta ɗora tafin hannunta a kan fuskarsa a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga ranar har ta tsufa, in lasifika ta yi wannan 'yar ƙara, sai ta ajiye duk abin da ke hannunta.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya zama labarin ban dariya na 'yan kwanaki. Sai fim ɗin ya fito, ya kuma karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ana nuna shi a gidajen kallo, ana sa shi a motocin haya. Abin da aka fi yabawa a cikinsa kuwa shi ne jana'izar, wai ba a taɓa ganin 'yan wasa sun iya baƙin ciki haka ba. Mutanen layinmu suka ga fuskokinsu a allo, baki buɗe, hawaye na zuba, ana mayar da wurin baya ana sake kallo. Dattijon da 'ya'yansa ba su taɓa ganin hawayensa ba, yanzu yaran tasha sun san yadda leɓensa ke rawa.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Saurayin ya tafi, ba wanda ya san ƙofar gidansu. Baba kuwa yana nan, ana ganinsa safe da yamma. Magana ta fara yawo cewa da saninsa aka yi, ya tafi Mashi ne don a samu damar shirya abin, ya dawo a daidai lokacin da aka tsara. Aka kira shi gaban mai unguwa. Ya ce bai sani ba, amma shi ya ba da gida bai tambaya ba, don haka laifin nasa ne, a yafe masa. Wasu suka ji rabin farko na maganar, wasu rabin ƙarshe kawai suka riƙe. A zaman nan aka yanke cewa daga yau ba za a sake fitar da makara daga masallaci ba sai ladan ya je ya ga gawa da idonsa.

Ciyayya ta tashi daga ƙofarmu ta koma ƙarshen layi, ba tare da kowa ya ce a tashi ba. Inna ba ta daina fitar da tuwo ba. Baba yakan shimfiɗa babbar tabarmar nan kamar kullum, ya zauna a gefe guda ya bar sauran wurin. Kwanon ya dawo ciki, 'yar loma biyu kawai aka ci a gefensa. Da azumi ya matso, ya ɗauki yadin sallata ya ce in zo mu je wurin Alhaji Ilu, ina jin so yake ya fake da ni. Muka yi sallama. Keken ɗinki bai tsaya ba.

"Sarkin allura, ba gaisuwa? Ga uwarka na kawo maka awo."

Sai da ya kai ƙarshen layin ɗinkin sannan ya ɗaga ƙafa. Bai dubi Baba ba, allurar ya duba.

"Wanda na sani, na ɗauke shi a kafaɗata. Kai ban san ka ba."

Keken ya ci gaba. Muka fito, Baba na riƙe da hannuna, yadin a hammatarsa. A hanya ya saya mini rake, ya tsaya yana fere mini shi a hankali har na ƙosa.

Sauran mutane a hankali suka huce, sai dai hucewar tasu ta zo da suna. Suka laƙaba masa Marigayi. "Marigayi, nawa tiya yau?" "Marigayi, ya lahira, akwai sauro?" Yakan yi dariya ya ce lahira lafiya lau, sai dai ba a ba da bashi. Na daɗe ina tsammanin abin ba ya damunsa. Wata rana da la'asar ina shanya a bayan ɗaki na ji yana ce wa Inna, "Rabi, mutanen nan sun riga sun yi mini sahu sau ɗaya. Tsorona kada ranar gaskiya su ga kamar sun sauke nauyi." Ta ce ya daina irin wannan magana. Bai sake yi ba. Amma daga lokacin ba a yi mutuwa a unguwarmu ko maƙwabtanta ba face shi ne farkon zuwa maƙabarta da diga a kafaɗa. Ko ranar kasuwa ce yakan fasa tafiya. Ya haƙa kaburburan mutanen da suka daina gaishe shi. Bai taɓa cewa ga dalilinsa ba, mu ma ba mu tambaya ba, amma duk gidan mun san abin da yake roƙo.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika da safe kansa a cinyar Yaya Nasiru, wana. Aka aika masallaci neman makara, ladan ya zo da kansa kamar yadda aka yanke. Na ga tsohon nan ya tsaya a bakin ɗaki yana jin nauyin shiga. Yaya Nasiru ya yaye mayafin daga fuskar Baba don a tabbatar ba kara ba ne. Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma ban taɓa zaton za a gwada wannan karin maganar a kan fuskar mahaifina ba. Dokar da aka kafa saboda shi, a kansa ta fi ciwo.

Ladan ya koma ya yi sanarwa. Murya ɗaya ce da ta wancan karon, lasifika ɗaya, suna ɗaya, kusan kalmomin ma ɗaya. A makon kuma an ga wasu masu kyamara suna ɗaukar hoto a wajen Kusugu. Shi ne aka yi dariyar da na fara ba ku labari. Yaya Nasiru, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya bar gawar ubansa ya fita gida-gida yana rantsuwa. "Wallahi tallahi da gaske ne. Don Allah ku fito." Wasu suka dubi idonsa suka jawo takalmi. Wasu suka ce to, bari su ga abin da hali ya yi. Waɗanda suke kasuwa da gona labarin ya iske su haɗe da dariyar wanda ya kawo shi. Mu kuma ba ma ajiye gawa ta jira kowa. Kafin azahar an kai shi.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka da Yaya ya dawo na tare shi a zaure na ce, an samu mutane? Ya ce an samu, ya kau da kai. Sai bayan sadakar bakwai ya gaya mini cewa ba su kai rabin na wancan karon ba. Damin karan dawa ya fi mahaifina jama'a. Na rubuta wannan jimla na zauna ina kallonta, shekara goma sha ɗaya ba su rage mata nauyi ba.

Da la'asar gari ya tabbatar, sai ga mutane kamar an buɗe dam. Layin ya cika, tabarmi suka ƙare. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: waɗanda suka fi dariya da safe su suka fi ɗaga murya wajen addu'a. Mahaucin nan ya zauna a ƙofar zaure yana kuka kamar yaro, yana cewa sau biyu ke nan yana kasa yi wa Malam Sule salla. Inna ta karɓi gaisuwar kowa. Mutum ɗaya ne bai zo salla ba, bai kuma zo gaisuwa ba, ga shagonsa ana hangowa daga ƙofarmu. Na yafe wa masu dariya tun kafin arba'in. Alhaji Ilu ne na kasa.

Na tafi jami'a, na karanta adabi, yanzu ina koyarwa a wani gari. Ba na ƙin fim, ina kallo, wani har ya sa ni hawaye. Wancan ɗaya ne dai ban taɓa yarda na kalla ba. Amma ko ban kalle shi ba, shi yana zuwa har ƙofa. A hutun da ya wuce na fito da safe na tarar da samari da 'yan mata a gaban zaurenmu. Ɗaya ya kwanta a kan benci an lulluɓe shi da farin zanen gado, uku sun ja sahu, wani ya lallaɓo ta baya yana cewa "Wa ya rasu?", sai duk su watse da gudu suna ihu, wata tana ɗauka da waya. Suka sake, suka kuma sakewa, wai gudun bai yi kyau ba. Na matsa kusa da su. Da ƙyar na ce musu, me kuke yi haka?

"Anti, ai nan ne wurin! Ba ki san labarin ba? An ce mutumin ma yana nan, yana sayar da hatsi a kasuwa."

Na ce ya rasu.

"Eh mana, Anti, mun sani," in ji yarinyar, tana dariya. "Ai shi ne labarin."

Na koma ciki na zauna a inuwar zauren. Ina ta tunanin abin da Baba zai ce da ya ga wannan zamani, da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, ba sai an zo da bas ba, ba kuma sai an durƙusa an roƙi aron ƙofar gida ba. Na so in ce zai kore su. Amma na san shi. Zai leƙo ya ce, "Uwata, baƙi ne, ba su ruwa." Wataƙila ma ya gyara musu, ya ce ba daga dama ya shiga sahun ba, daga hagu ne. Sannan in sun tafi ya daɗe zaune shi kaɗai. Ban sani ba ko wannan halin nasa kirki ne tsantsa ko akwai rauni a ciki. Na dai san shi ya jawo masa abin da ya same shi, kuma da za a dawo da shi ba zai sauya ba.

Kowane gari yana son labarin da zai ba baƙo. Na Kusugu ya tsufa, ba sauran wanda zai ji zafi in an ba da shi. Namu kuwa matar mutumin tana ɗaki tana jan carbi, tana jin komai ta taga. Ba na roƙon a daina ba da shi, na san ba zai yiwu ba, magana zarar bunu ce. Ina dai so ɗan acaɓan da ke kawo baƙi ya riƙa ƙarawa da cewa sunan mutumin Malam Sule, tiyarsa kullum a cike take har tana zuba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a maƙabartar unguwar shi ya haƙa musu makwanci. Na daɗe ina lissafin abin da ya rage nasa a duniya, ina ganin kaɗan ne: zauren da ya koma wurin wasa, da laƙabin tsokana, da sahun da bai cika ba. A lissafin nan har da aboki da ya rasa.

Bara Alhaji Ilu ya rasu. Yaya Nasiru ya je jana'iza, ni ina gida. Da ya dawo ya wanke ƙafa ya zauna kusa da ni, ya ce akwai maganar da aka ɗaure shi da ita, yau ta kwance.

Ya ce lokacin da Alhaji Ilu ya je aikin hajji ya sayo farin yadi ya jiƙa shi da ruwan zamzam, ya ajiye a ƙasan akwati don likkafaninsa, kamar yadda tsofaffi kan yi. Ranar fim, da ya ji sanarwa, bai ruga gidanmu ba tukuna. Akwatin ya buɗe. Awon Baba a kansa yake, shi ke yi masa ɗinki tun suna samari. Ya yanka yadin ya ɗinka, ya fito da gudu, ya tarar an riga an fito da makara a lulluɓe. Sai ya cusa shi cikin riga ya kama gaba.

Ranar gaskiya kuma, in ji Yaya, da ya fito yana bin gidaje yana rantsuwa, ya iske Alhaji Ilu tsaye a ƙofar shago da ƙunshi a hannu. Duk layin shi kaɗai ne bai tambaye shi ko da gaske ne ba. Ya miƙa masa ya ce, "Awonsa ne. Kada Rabi ta ji, kada kowa ya ji sai ba na nan." Yaya ya ce, "Baba Alhaji, ba za ka zo ba?" Ya ce, "Na taɓa tsayawa a sahun nan. Ƙafata ba za ta sake ɗaukata ba."

A cikin wannan yadin aka binne mahaifina. Baba gajere ne, Alhaji Ilu dogo, abin da ya rage bai isa komai ba. Shi da ya rasu, sai da 'ya'yansa suka je kasuwa suka yanko masa.